Taguwa a Ƙofar Gidan Kadidia

Wa ya fi son mara lafiya, wanda ya miƙa masa abin da ransa ke so, ko wanda ya janye ƙwaryar daga bakinsa? Na daɗe ina juya wannan tambaya. Duk sanda na ce na tsaya a kan amsa, sai in tuna da Mariya ɗiyar Kadidia ta unguwar Katanga, in koma ban sani ba.

Mariya bazawara ce. Aurenta na fari ya mutu bayan wata haihuwa mai wuya. Ɗan bai zo da rai ba, ita kuma ta tashi da kumburin ƙafa da na fuska. Kumburin ya riƙa tafiya yana dawowa har mutanen gida suka saba da shi.

Illiya, baduku mai ɗinka takalma a tsohuwar kasuwar Agadez, shi ke nemanta, ita ma shi take so. Uwarta Kadidia, mai sayar da cuku da fura, ba ta hana ba da farko. Abin da ya ɓata tsakaninsu shi ne ranar da Illiya ya kai Mariya gidan likita ba da sanin uwar ba.

Shi ya fara lura da ciwon. An kawo masa takalminta gyara, ya ga gefen waje ya cinye, na ciki bai taɓu ba. Ya tambaye ta, ta ce ƙugu ne ke damunta. Daga ƙugu sai baya, daga baya sai haƙarƙari. Sai ƙaiƙayi mai sa ta soshe jikinta har jini. Zanen da a da yake tsaya mata a idon sawu ya koma jan ƙasa.

Lokotoron, wato likitan, wani Nasara ne da ya zo garin bayan yaƙin Jamus. Ya duba fitsarinta, ya danna ƙasusuwanta, ya aika jininta Damagaram a mota. Da amsa ta dawo, mai taimaka masa, majo Ousmane, ya zaunar da su ya fassara.

"Ƙoda ce, les reins," in ji majo. "Aikinta tace jini, kamar rariya. Taki ta gaji. Akwai wani gishiri da ido ba ya gani, yana da yawa a nono da cuku da nama. Mai lafiya yana fitar da shi a fitsari. Ke kuwa taruwa yake a jininki, yana kore allin da jini ke bukata."

"To me ya kai ƙashi cikin maganar?" in ji Illiya.

Majo ya taɓa wuyansa. "Nan bayan maƙogwaro akwai wasu 'yan ƙwayoyi huɗu, kowace ba ta fi ƙwayar dawa ba. Su ke gadin allin jini. In suka ji ya ragu, sai su je su ɗebo daga ƙashi. Aikinsu ke nan. Amma nata sun daina hutawa, kullum ɗiba suke. Shi ya sa ƙashin ke laushi."

Aka ce ta rage nono da cuku da nama ƙwarai. Aka ba ta kwalbar wani farin magani mai kauri, cokali guda tare da kowane abinci, don ya kama gishirin tun yana ciki, da ɗigon wani mai a kan harshe. In ƙwayoyin sun ƙi kwanciya, sai a yi aiki a wuya, shi kuwa sai Dakar.

"Za ta warke?" in ji Illiya.

Majo ya dubi lokotoro, suka yi magana da Faransanci. Ya juyo.

"Ya ce ƙashin zai iya samun sauƙi. Ƙodar ba ta dawowa."

Da labari ya isa gida, Kadidia ta ajiye ludayi ta yi dariyar da ba ta daɗi ba.

"Tun da aka yi duniya nono ke gina ƙashi. Sai yau wani Nasara da bai taɓa tatsar akuya ba zai ce shi ke rushe shi. Kuma a sami ɗan Musulmi ya ɗauki maganar ya kawo min gida."

Duk da haka Mariya ta bi abin da aka ce. Ta koma tuwo da miyar ganye, da fura da ruwa zalla, a gidan da ƙanshin cuku ke tashi tun asuba. Ƙaiƙayin ya ɗan lafa. Ta kuma rame. Uwar ramar kawai take gani.

Ana cikin haka Bahago ya shigo maganar.

Bahago madugu ne, yana kai ayarin gishiri Fachi ya komo. Matarsa ta rasu, ya kuma daɗe da sa ido a kan Mariya, yana jiran ƙofa. Da damina ta ɗauke, makiyaya suka watse daga lashin gishiri na Ingall, sai ga shi wata la'asar a ƙofar gidan Kadidia, yana janye da farar taguwa, raƙuma mai shayarwa, da ɗanta a baya.

Illiya na zaune a zaure yana jiran a kira masa Mariya. Ya ji hayaniyar matan unguwa ya leƙo.

"A'a, baduku, kana nan?" in ji Bahago. "Ga aiki na kawo maka. Ƙafa huɗu gare ta, babu takalmi ko ɗaya."

"Sai ka ɗauko min awonta, madugu. Ni ba na durƙusa wa raƙumi."

Mata suka yi dariya. Kadidia ta fito da mayafi a ka, ta tsaya ta kalli hantsar taguwar.

"Inna, ta Mariya ce," in ji Bahago. "Ta sha ruwan gishirin Teguidda, ta ci ciyawar damina. Ba don a ce na yi ba. Ko an ba ni ko ba a ba ni ba, tata ce."

"Madugu," in ji Illiya a hankali, "an hana ta nono."

Bahago ya juyo. Babu raini a fuskarsa, abin da ya fi ƙona wa Illiya rai ke nan.

"Na ji an ce haka. Amma ni uwata ta taɓa kwanciya, shekarar yunwa, ƙashinta ya koma kamar kara. Nonon taguwa ya tashe ta, har ta yi daka da hannunta. Ba labari aka ba ni ba, Illiya. Ina tsaye."

Illiya ya so ya ce ciwon ba ɗaya ba ne. Ya duba fuskokin matan, ya ga ba mai saurarensa.

Bahago ya tatsi taguwar da kansa, ya cika akushi har kumfa na zuba, ya miƙa wa Kadidia, ya yi sallama ya tafi. Matan suka watse. Kadidia ba macen da kunyar suruki ke rufe wa baki ba ce, kasuwa ta daɗe da cire mata ita. Ta tsaya a ƙofar zaure, ta dubi Illiya.

"Shigo ciki."

Mariya na zaune a kan tabarma a inuwar ɗaki, ta jingina da bango, an sa mata matashi a baya. Ta ga akushin, ta ga Illiya, ta sunkuyar da kai.

"Kawunta ya ce in faɗi wanda za a ba, shi ɗaura aure ne nasa," in ji Kadidia. "To ga magana ɗaya, ba ta biyu. Ɗauki akushin nan ka ba ta da hannunka. Ka ba ta, gobe ka turo manyanka."

"Inna…"

"Ban ce ka yi min wa'azi ba. Ni na haife ta, ni na shayar da ita. Ba zan ɗauki ɗiyata in kai ta gidan da za a tsaya mata a ka ana ƙirga lomarta ba. Dube ta. Dubi wuyanta. Wannan ne sauƙin?"

Illiya ya kalli akushin. Ya san akushi ɗaya ba zai kashe ta ba. Ya kuma san ba akushi ɗaya ake nema a wurinsa ba.

"Inna, ki ce in yi miki komai. Ki ce in bar kasuwa in bi ayari, zan bi. Wannan ne ba zan iya ba."

"Ba za ka iya ba ta abinci ba."

"Ba zan iya ba ta abin da aka ce yana cin ƙashinta ba."

"Wato ni ke kashe ta."

"Ban ce haka ba."

"Ka faɗa. Tun ranar da ka kai ta wurin Nasara kake faɗa."

Ta shiga ɗaki, ta fito da kwalbar farin maganin da ta ɗigon, ta dire su a gabansa.

"Ɗauki allinka. Yi mata sallama, ina zuwa."

Ta ɗauki buta ta zaga bayan gida.

Daga hasumiyar babban masallaci inuwa ta riga ta miƙe har kan katangar gidan. Mariya ce ta fara magana, ba ta ɗago ba.

"Da ka ba ni."

"Mariya."

"Da ka ba ni, Illiya. In an ɗaura, ina ɗakinka, wa zai san abin da nake sha?"

"Ita za ta sani. Kullum za ta aiko da ƙwarya. Kullum in zaga bayan ɗaki in zubar, in dawo in ce kin sha. In fara zama da ke da yi wa uwarki ƙarya?"

"Sai ka riƙe gaskiyarka ka sake ni."

"Ban sake ki ba."

"To me ka yi yanzu?"

Hawaye suka zubo mata. Ta ɗaga hannu za ta share, ta ji zafi a kafaɗa, ta mayar da hannun.

"Ka san rabona da in ƙoshi? A cikin ƙanshin cuku na girma. Ina zaune ana shanya shi a gabana, ina haɗiyar yawu kamar baƙuwa. In na ci tuwo sai in bi shi da farin abin nan mai ɗanɗanon bango. Na yi, ban yi ƙorafi ba, saboda kai ka ce."

"Ai ƙaiƙayin ya ragu. Ke kika faɗa min."

"Ya ragu. Amma ina wurin da majo ya ce ƙodar ba ta dawowa. Ka ɗauka ban ji ba? Kai kana so in daɗe. Inna tana so in ƙoshi. Kowa da abin da yake so mini, ba wanda ya tambaye ni."

Illiya ya durƙusa a bakin tabarmar.

"To na tambaye ki. Me kike so?"

Ta daɗe tana kuka kafin ta amsa.

"Ina so a daina faɗa a kaina. Na gaji. In na ce kai, na ce wa uwata ita ke kashe ni. Ba zan iya ba. Ni kaɗai na rage mata, sauran duk ta binne su. Tana tashi da asuba ta dama min fura, in ce ba na sha, in ga fuskarta. Kai ba ka ganin fuskar nan, kana kasuwa."

"Shi kike so?"

"Kada ka tambaye ni abin da ka san amsarsa."

"To ki ce a'a. Ba yarinya ba ce ke, ba wanda zai ɗaura miki aure kina cewa a'a."

"In ce a'a in zauna ina? Tsakaninku? Haka zan ƙare kwanana, kai ka ja nan, ita ta ja can?" Ta girgiza kai. "Bahago bai san komai ba, shi ya sa zama da shi zai yi sauƙi. Yana tafiya ya yi watanni. Ba zai zauna yana kallona ina raguwa ba. Kai za ka zauna. Na san ka. Za ka zauna kana duba takalmina."

"Ni na ce ina so."

"Ni ba na so maka."

A nan ne zuciya ta ɗebi Illiya. Mutum ne mai sanyin magana, amma masu sanyin magana in suka yi rantsuwa sun fi kowa riƙe ta. Ya tattara kwalaben ya miƙe.

"Ki ji da kyau. Ranar da aka raba goron Bahago, ƙafata ba ta ƙara taka zauren gidan nan. Ba zan tsaya ina kallo ana ɗura miki abin nan ba, ba kuma zan zo gaishe da matar wani ba."

"Illiya, kada mu rabu da wannan."

Bai juyo ba. A ƙofa ya yi karo da Kadidia tana dawowa. Ya rusuna ya gaishe ta yadda ya saba, ta amsa yadda ta saba. Ya fita.

Ba a daɗe ba aka raba goro. Wani maƙwabcinsa a kasuwa, Seydou mai sayar da igiya, shi ya kawo masa labari, yana ta kame-kame. Illiya ya ce Allah ya sa alheri, ya ci gaba da huda fata. An sa biki sai ayari ya komo daga Fachi. Bahago ya ɗaura kaya ya shiga hamadar Tenere da raƙumansa, ya bar taguwar a ƙofar gidan Kadidia.

Illiya ya sauya hanya. In zai je gida sai ya zaga ta bayan masallaci don kada ya bi ta Katanga. Amma labari ba ya bukatar a je a ɗauko shi. Mata masu kawo gyaran takalmi suna hira a gabansa, wai Mariya na shan nono safe da yamma, wai ta murmure, fuska ta cika, har ƙafa ta yi ƙiba.

Ya san ba ƙiba ba ce. Ya sunkuyar da kai ya ja zare.

Sau da yawa ya tambayi kansa ko gaskiya ya riƙe a ranar akushin, ko girman kai. Da ya miƙa mata, da yanzu tana ɗakinsa, da shi ke dama mata fura. Ƙarya ƙarama kullum, ita kuma tana samun sauƙi. Ya ƙi ƙaryar, ga abin da gaskiyar ta haifa. Ni ma da nake ba da labarin ban san yadda zan yanke masa ba.

Wani hantsi, kasuwa na ci, inuwa ta tsaya a bakin rumfarsa. Ya ga ƙafafun kafin ya ga fuskar. Babu takalmi. Ya ɗago.

Kadidia ce. Macen da duk Agadez ta san ba ta barin ƙwaryar furarta da hantsi ko gobara ake.

Ya miƙe da sauri ya shimfiɗa mata fata. Ba ta zauna ba.

"Inna, lafiya?"

"Jiya na kama hannunta zan tashe ta ta zaga." Ta ɗaga hannunta na dama tana kallonsa kamar ba nata ba. "Ban ja ba. Allah ya sani ban ja ba. Riƙewa kawai na yi. Sai na ji ƙas, kamar an taka kara."

Illiya ya dafa ginshiƙin rumfar.

"A hannuna, Illiya. A cikin hannuna ya karye."

"An kira maɗori?"

"Ya zo. Ya taɓa, ya janye hannunsa. Ya ce shi bai taɓa jin ƙashi haka ba, ba zai ja ba, kada wani wurin ya bi. Ya sa kara ya ɗaure kawai." Ta sauke hannun. "Da safen nan na je wurin majonku."

Illiya ya dube ta. Ya san abin da zuwan nan ya ci mata.

"Ya ce lokotoro zai zo ya duba hannun. Amma farin abin nan ya ƙare musu, sai mota ta zo daga Damagaram. Ya ce wanda suka ba ku fa?"

"Yana nan."

"Kafin abinci ake ba ta ko bayansa?"

"Tare da shi."

Ya durƙusa ya ɗaga fatun da ke jibge a kusurwa, ya zaro kwalaben, ya miƙa mata da hannu biyu. Ba ta karɓa ba.

"Ta rufe baki. Tun jiya ko ruwa. Na kai nono ta juya kai, na kai tuwo ta juya kai. Ba ta yi min faɗa ba, da ta yi da na fi so. Kallona kawai take tana cewa, Inna ba laifinki ba ne." Muryarta ta karye a nan, ta ja mayafi ta rufe baki har ta dawo daidai. "Ni yanzu tsoron taɓa ta nake. Ka zo ka ba ta. Daga hannunka za ta karɓa."

Seydou da ke rumfar gefe ya juya baya yana warware igiyar da ba ta harɗe ba.

"Inna," in ji Illiya, "an fasa ne?"

Ta dube shi ido cikin ido.

"Ba a fasa ba. An raba goro, kawunta ya ba da magana. Mutumin yana tsakiyar rairayi, bai san abin da ake ciki ba, bai kuma yi mana laifi ba. In ya komo, maganar tana nan yadda ya bar ta. Ba zan yi maka ƙarya don ka biyo ni ba."

"Wato in je in yi masa jinyar mata."

"Haka ne."

"Kin san na rantse."

"Na sani. Ina bayan ɗaki, na ji."

Ta juya ta kama hanya, ba ta waiwayo ba.

Illiya ya tsaya da kwalba a hannu. Farin maganin ya kwanta a ƙasa, ruwa ya taso sama. Ya girgiza ta a hankali har ya haɗu.

"Seydou, duba min rumfa."

Ya bi ta a baya, da tazara, yadda suruki ke bin suruka ko da shi ba surukin ba ne. Suka ratsa kasuwa, suka shiga lungunan Katanga. Mata a bakin ƙofofi suka daina hira suna bin su da kallo.

A ƙofar zauren ya tsaya. Kadidia ta riga ta shige. Daga can ciki yana jin wani nishi siriri da ya san mai shi.

Ya cire takalmansa ya ajiye a gefe. Ya yi sallama, ya sa ƙafa.

"Inna," ya ce, "a samo min cokali."